Kofin da na ware wa ɗiyata

Ni maƙeri ne a Tsafe, boko kuwa iyakata firamare. Ɗiyata ta fari, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata gare ta, ta yi jami'a a Gusau, ta wuce gaba. Aikinta duba yadda radiyeshin ke lalata ƙarfe, wato hasken nan mai ratsa jiki irin na hoton ƙashi a asibiti.

A motar Bungudu na ji wani fasinja yana cewa mai wannan aiki yakan kwaso abin a jikinsa ya shafa wa mutane. Ban tambayi kowa ba. Da ta zo hutu na ce a ware mata kofi da kwano, kamar yadda muke yi wa mai tarin fuka. Ta kwana biyu ta koma, sallah uku ba ta zo ba. Uwarta ta daina yi mini magana sai ta dole.

Ni na kira ɗiyar tawa a waya, na ce ciwon ƙafata ya matsa mini. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba.

Da ta zo, ta same ni a maƙera ina gyaran fartanya. Ta zauna a kan turmi.

"Baba, in ka yi ta dukan ƙarfe da sanyinsa, me yake yi?"

"Ya yi tauri, ya tsage."

"To haka hasken yake yi, sai dai masabar da yake dukan da ita ƙanƙanuwa ce. Ko ka tsaga silin gashi gida dubu, ramin da take bari ya fi shi ƙanƙanta. Da na'ura nake ganinsa. Ƙarfen yana bayan bango mai kauri, kuma ana auna mu kullum."

"Ba ya bin ki gida?"

"Kai da kake wuni gaban wuta, ka taɓa ƙona Inna da ka shiga gida?"

Na ce, "Uwata, na yi miki ba daidai ba."

Ta ce, "Na san tsoro ne. Amma da ka tambaye ni."

Da aka kawo fura na sa aka ɗauko kofin nan daga bayan randa, inda ya yi ƙura. Na wanke shi da hannuna, na fara sha, na miƙa mata. Ta sha, ta ce furar ta yi tsami. Sati guda ta yi mana.