Ranar da Inna ta Kira Ni da Sunan Matacciya

A bazarar farko bayan an ba mu jihar Kebbi, wata Laraba da hantsi, na shiga ɗaki da ƙwaryar kunu, Inna ta ɗago ta dube ni ta ce, "Asabe, kin dawo?" Asabe yayata ce, ta rasu tun ban yi wayo ba. Ni sunana Hadiza.

Baba ya bi motar albasa daga Aliero zuwa kudu, ya bar mu a Giwa Tazo, ni da Inna da tsohon cikinta. Da zazzaɓi ya kwantar da ita sai ta ja min kunne. "Gidan ga ba mu kai kuka waje," in ji ta. Na riƙe maganar. Ni ke daka, ni ke jan ruwa, ni ke juya albasar da aka shanya a rumfa don kada ta ruɓe. 'Yan ajinmu na leƙowa ta dangar kara su kira ni wasan gaɗa, in ce Inna na barci.

Ranar nan kuwa tsoro ya fi ƙarfin kunya. Na ruga gidan Goggo Hajo, Bafulatanar da ke maƙwabtaka da mu, na tsaya bakin zaure. Har na juya zan koma, sai ta hango ni tana burga nono. "Mi af faru, ɗiyata?" in ji ta. Na ce, "Goggo, ki taimake mu, Inna ba ta gane ni." Ko zani ba ta gyara ba. Kafin azahar mijinta ya ɗaure shanu a amalanke, mata sun cika tsakar gida, aka kai Inna bakin titi, mota ta wuce da ita asibiti a Jega.

Inna ta tashi. Jaririn bai zo da rai ba. Har ta bar duniya ba ta yi min zancen ranar ba, amma bayan nan na sha jin ta tana ƙwala wa Goggo kira ta kan danga.

Yau, a garin da nake zaune, katangar siminti ta raba gidajenmu, kowa da waya a hannu, ban san sunan maƙwabciyata ba. Wani lokaci nakan kasa kunne, ko wata yarinya na tsaye a ƙofata ta kasa sallama.