Rufin Rumfar Gwaggo

Duk wanda ya saba bin Nassarawa GRA da sassafe ya san Gwaggo mai ƙosai. Sunanta Safina, amma rabon da a kira ta da shi tun mijinta na da rai. Daga Giginyu take tahowa da bokitin ƙullu a ka, ta hura wuta a kwanar layi, masu gadi da direbobin manyan gidaje su kewaye ta. Kaskon nan shi ne gonarta, da shi take ci da marayunta.

Rumfarta kuwa, kamar ta sauran masu sana'ar bakin titi, da tsohuwar fastar siyasa aka rufa ta, irin ta leda mai kaurin nan da ba ta yoyo. In babban mutum ya zo gari ya tafi, iska ta kayar da hotunansa, sai talaka ya tsinta. Ƙa'ida ɗaya ce: a kife ake ɗorawa, farin bayan a waje, fuskar a ciki. Haka Gwaggo ta yi shekaru tana suya, wani ɗan takara yana yi mata murmushi daga sama. Ita ko sunansa ba ta riƙe ba.

Ranar da aka ce wani babba zai sauka a unguwar, tun da safe aka tare hanya, ko adaidaita ba a bari ya wuce. Milka, malamar firamare da ke sayen ƙosai kullum, a ƙafa ta zo daga Badawa tana haki. Ta raɗa wa Gwaggo cewa ta tattara ta tafi, don mutumin da ke cikin rufinta abokin gabar mai zuwa ne, ga 'yan jagaliya can suna tafe suna rataya hotuna. Gwaggo ta dubi rufin. Ta san aikinsu. A Hotoro, a kan fasta aka kifar wa wata mai awara da kasko, har yau ƙafarta ba ta koma daidai ba. To amma ina za ta kai mai yana tafasa?

Kafin ta yanke shawara sai ga su, da gorori da tsani, sun cika rumfar. Babbansu, wani Sanusi mai tabo a goshi, ya zauna a benci ya ce a zuba. Wallahi don tsoro, ƙosan da take sakawa wani kamar ƙwai, wani kamar gyaɗa. Addu'arta ɗaya, kada wani ya ɗaga kai. Ta riƙa cika musu takarda, tana ƙara yaji, tana jan su da hira don idonsu ya tsaya a ƙasa.

Sanusi ya ƙoshi, ya yi miƙa, ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo. Gwaggo ta ja da baya daga kaskon tana salati a zuci.

"Haba Gwaggo," in ji shi, "wannan rufin naki ai ya mutu."

Ashe hayaƙin shekaru ya shafe fuskar, ba a ganin komai sai baƙi. Ya sa yaransa suka yaye shi suka cilla a kwata, suka ɗora sabo fil mai hoton ubangidansu. Sai dai ba a kife ba. Suka sauko da shi ta gaba, fuskar tana kallon titi, suka ɗaure da waya. Da ta yi ƙarfin hali ta ce ko za a juya shi saboda rana, Sanusi ya yi dariya.

"Wa yake kife fuskar Oga? Kullum ta nan muke wucewa, za mu riƙa gaishe ku, ke da shi."

Ta yi godiya har da durƙusawa, me za ta ce? Bayan azahar jiniya ta wuce, aka buɗe hanya, kowa ya kama gabansa.

Washegari Milka ta zo da labarin da ta ji a rediyo: ranar Asabar babban ɗaya ɓangaren zai shigo, kuma a layin nan masaukinsa yake. Gwaggo ta dubi hoton. In ta cire, ga Sanusi. In ta bari, ga waɗancan. Gaba kura, baya siyaki.

Ranar Juma'a ba ta jiƙa wake ba. Da Asabar ta waye, masu gadi suka zo da kwanukansu, suka tarar da murhu a sanyaye, babu kowa a rumfar sai Oga yana ta murmushi.