Na Ce wa Likita "Da Sauƙi"

Assalamu alaikum, masu kula da wannan fili da masu karatu. A lokacin da abin nan ya same ni, ni budurwa ce mai shiru-shiru, ɗiyar wani ma'aikacin gwamnati a Tasawa. Na fi son zama gindin bishiyar bedi da littafi a kan zuwa biki, kuma ina rubuta waƙoƙi da Hausa da Faransanci waɗanda ba na nuna wa kowa. Bayan na ci bak, jarrabawar gama sakandare, aka ɗauke ni koyarwa a kan kwantaragi, aka tura ni wata lakwal, wato firamare, ta ƙauye a karkarar garin Sarkin Hausa, inda na sauka gidan goggona. Aka ba ni 'yan aji ɗaya a rumfar kara. Ajin nan shi ne abu na farko da na taɓa kira nawa a duniya.

A shekara ta biyu, bayan an gama kai hatsi rumbu, wani nauyi ya sauko mini. Ba a yi mini rasuwa ba, ba wanda ya ɓata mini rai. Na dai wayi gari komai ya rasa ɗanɗano, tuwo kamar ƙasa a bakina, tashi daga tabarma kamar ɗaga buhun gero. Na fara fashin aiki. Daraktanmu, shugaban lakwal ɗin, dattijo mai haƙuri, ya kira ni gefe ya ce, Madam, shi fa ya gaji da rufa mini asiri, in abin ya ci gaba dole ya kai maganata gaba a ba wani ajin. Goggo kuwa cewa take in soyayya ce in faɗa mata sunan yaron ta je ta ja masa kunne. Da ta ga ko murmushi ba na yi, ta karɓo mini rubutun sha, daga baya ta ɗora ni a kabu-kabu zuwa asibiti a Tasawa. Likita ya saurare ni da kyau, ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mini ƙwayoyi, ya sa mini ranar komawa.

Bayan 'yan makonni nauyin ya tashi, amma bai tsaya inda ya kamata ba. Barci ya guje ni, gajiya kuma babu. Baitoci suna zubo mini da sauri fiye da yadda hannuna zai iya rubutawa. Ina share tsakar gidanmu in wuce in share na maƙwabta. Mata suna shigowa yi wa goggo barka, ita kuma tana dariya tana cewa ashe ɗiyar tata rediyo ce, batir ne kawai ya mutu. Ranar komawa asibiti muka tarar da dogon layi. Da muka shiga, likita ya ɗago kai ya tambaye ni ya jiki. Sai na ba shi amsar da aka koya mana tun muna yara, wadda ko mai gargarar mutuwa ita yake bayarwa: da sauƙi. Ya ƙara tambaya, barci fa? Goggo ta riga ni, ta ce ai likita sai godiya, yarinya ta tashi garau. Ni a raina na san wani abu na gudu da ni, kamar jakin da ya ƙwace da amalanke a gangare. Amma na ji kunyar in yi ƙorafi a kan lafiya, na ga kamar butulci ne ga Allah. Sai ya ce in ci gaba da shan maganin.

Wata safiya cikin bazara, ranar da darakta ya tafi taro Mayahi, ina koya wa yara kalmomin sama da ƙasa sai na ji rumfar ta yi mana ƙunci. Na ce su tashi, yau zan kai su su ga inda sama ta taɓa ƙasa, can arewa wajen hanyar Issawane. Ba wasa nake ba, na gaskata abin da nake faɗa. Suka biyo ni da tsalle, wasu ba takalmi, ba mu ɗauki ko gorar ruwa ba. Muka ratsa gonaki fayau, ina rera waƙa suna amshi. Rana ta take, rairayi ya ɗau zafi, amshin ya ragu har ya ɗauke, ni ban lura ba. Wata 'yar ƙarama ta ja mini zane ta ce Madam ƙishirwa, na ce mata mun kusa. Ba mu yi nisa ba ta yanke jiki ta faɗi. Abin da har yau yake tsinka mini zuciya shi ne na saɓa ta a kafaɗa na ci gaba da tafiya arewa, sauran suna kuka a bayana.

Allah ya kawo wani bawansa da amalanken shanu, ya ɗebo ruwa daga rijiya. Ya tare mini hanya ya daka mini tsawa, wai baiwar Allah ina zan kai ɗiyan mutane cikin wannan rana. Na ce masa bakin sama. Ya dube ni. Ya karɓe yarinyar ya jiƙa ta da ruwa har ta buɗe ido, ya shayar da sauran, ya loda ƙananan a amalanke. Tun kafin mu iso gari muka hango iyaye mata a guje, wasu ko mayafi babu. Uwar yarinyar ba ta zage ni ba. Ta rungume ɗiyarta, ta tambaye ni a hankali ko da ni na haife ta haka zan yi mata.

Baba ya zo ya ɗauke ni, ya kai ni Maradi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likitan ne ya tambaye ni ko na taɓa yin irin waɗannan kwanakin na rashin barci da yawan kuzari a da. Sai na tuna wani lokaci a lise, ina sakandare, da na yi haka, malamai suna yaba ƙwazona. Ya bayyana mana cewa ciwon nawa mai fuska biyu ne, shi ake kira bipolar: wani lokaci ya danne mutum ƙasa, wani lokaci ya cilla shi sama, kuma duka biyun ciwo ne. Ya ce maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura fuskar ta biyu, shi ya sa dole a san da ita kafin a zaɓi magani. Aka sa ni kan wanda ke riƙe hankali a tsakiya, ana auna jinina lokaci-lokaci. Da farko ya sa mini rawar hannu, na faɗa, aka gyara. Yau ina barci a kan kari, ina shan maganina, ina addu'ata, ina kuma rubutu a natse. Yarinyar da ta faɗi ta warke sarai. Ajin kuwa an ba wani, kuma ban ga laifin kowa ba.

Abin da na koya shi ne "da sauƙi" gaisuwa ce ta ƙofar gida, ba bayani ba ce a gaban likita. Ku faɗa masa kwanakin duhu, ku faɗa masa na yawan farin ciki ma, don ba butulci ba ne. Ku kuma 'yan uwa masu raka mara lafiya, ku bar shi ya amsa da bakinsa. In kun ga wanda jiya ba ya iya tashi yau ya daina barci, bakinsa ba ya rufuwa, kada ku yi gaggawar barka. Ku koma da shi asibiti ku faɗi abin da kuka gani, ko da yana rantsuwa bai taɓa jin lafiya irin ta yau ba. Ni ma haka na rantse wa goggo, da safen ranar da na fita da yaran.