Ladan Mai Asara da raƙuminsa mai idanu

Duk wanda ya ci waken suya ko ya shafa man riɗi a Mai Wurno ta ƙasar Sudan tun shekarar hamsin da tara, ya san Ladan Mai Asara. Ni kuwa taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka ina da izinin tona shi, ko ya kai ƙara gun alƙalin Sinnar.

Ladan tun yana saurayi ya ƙi jinin tsinkar auduga. In an shiga hawashar ubansa, wato gonar auduga ta gwamnati, sai ciwon baya ya taso masa, ba ya warkewa sai an ce a zo a ci tuwo. Ran nan aka aike shi Sinja, ya leƙa wani zaure ya ga asara, wato matsar mai da Larabcin can: ƙaton turmi, da taɓarya kamar gungumen kuka, raƙumi na zagayawa da ita, man riɗi na tasowa. Bai tambayi kowa komai ba. Ya tsaya bakin ƙofa gwargwadon shan shayi, ya dawo gida ya ce ya ƙware.

Ubansa, Kawu Abdussalami, ya ba shi riɗin damina buhu huɗu da sharaɗi guda.

"In Juma'a ta yi ban ga mai ba, raƙumin da za ka sayo ya koma kasuwa, kai ka koma auduga. Halas, magana ta ƙare."

Aka sassaƙa turmi. Ladan ya sayo raƙumi gun Larabawan daji, ya shigo da shi gari yana ƙasaita.

"Ku dubi idanu, ya jama'a! Na Sinja makaho ne, har da tsumma a fuska, abin tausayi. Wanga kuwa yana hango Sinnar daga nan."

Ran Talata aka ɗaura shi. Ya zagaya sau bakwai, ya tsaya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi tangaɗi ya durƙushe. Aka tashe shi, ya ƙara uku ya zube. Ladan ya lallashe shi da Hausa, ya zage shi da Larabci, ya ba shi rubutu ya sha. Ran Laraba mu biyu muka ɗauki itacen da ke juya taɓaryar a kafaɗa muka zama raƙuma. Kafin azahar na ga gidan Kawu ya zama gida tara, duk suna gudu. Man da muka samu ko kunnen jinjiri ba zai shafe ba.

Ran Alhamis da hantsi Ma'u matar Ladan ta kawo fura, ta tarar da shi ya yi tagumi gaban raƙumi, raƙumi ma ya yi nasa.

"Malam, wancan na Sinja, ka ce mi ke fuskarsa?"

"Tsumma. Na gaya miki makaho ne."

"To makaho mi zai yi da tsumma? Tsoron gani yake?"

Ma'u ta koma ɗaki ta ɗauko ƙoƙuna biyu, ta kwance ɗankwalinta sabo, ta ce in riƙe mata wuyan dabbar. Ta kife masa idanu, ta ɗaure tam.

Raƙumi ya miƙe. Da ya daina ganin duniya tana juyawa, sai ya ɗauka hanyar Makka aka sa shi, irin ta kakanninmu da suka taso daga Sakkwato. Ya yi ta tafiya da niyya, bai san yana cikin zaure ba. Kafin la'asar mai ya taso yana ƙyalli, ƙamshinsa ya fito da mata daga gidaje, kowace da kwanonta. Ladan na kwasa yana rawa, yana cewa dama ya kusa ganewa da kansa.

Da safen Juma'a ya kai wa Kawu kwalba cike. Tsoho ya ɗaga ta ga rana, ya ɗiga a tafin hannu, ya lasa, ya sake lasa.

"Wa ya matsa wanga?"

"Ni ne, Baba."

"Ma'u, Allah ya yi miki albarka," in ji Kawu, ko kallonsa bai yi ba. "Raƙumi ya zauna. Ka kai wa liman kwalba guda kafin a hau huɗuba, sauran ku zuba mini a kunu."