Ranar Ƙunshi Na'urar Asibiti Ta Tsaya

'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, ita ke kula da babbar na'urar da ke ajiye bayanan masu juna biyu a wani asibiti bayan Ƙofar Na'isa. Ni kuwa karatuna na yaƙi da jahilci ne, a zauren wata malama a Kabara, kuma yarinyar nan ta sha yi mini dariya, wai ina rubutu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ana jibi ɗaurin aurenta, da hantsi, mai ƙunshi ta gama ɗaure mata hannu da ƙafa a leda, sai waya ta yi ƙara. Na kara mata a kunne. Abokin aikinta ne: na'ura ta tsaya cak, masu awo sun cika benci, katin kowa ya ƙi buɗuwa.

"Umma, ɗauko kwamfutata. Ke za ki danna."

"Ni mai tsintar tsakuwa?"

"Don Allah, Umma."

Ashe na'urar tana da wani kundi da take rubuta duk abin da aka shigar, ko gwajin jini ne. Ba ta sakin tsohon shafi sai an kwafe shi zuwa wani ma'aji. Ma'ajin ya cika tun da aka fara hidimar biki, kwafi ya tsaya, saƙon gargaɗi yana ta shigowa wayarta yana nutsewa cikin hotunan anko. Kundi ya yi ta kumbura har ya cinye wurin.

Abokin aikin ya ce a goge kundin kawai a huta.

Ta ce, "Kada ka kuskura, Malam! Awon makon nan duk yana ciki!"

Wannan ce fa mai cewa in zubar da tsofaffin kwanukan ɗakina.

Ta yunƙura za ta yage ledar. Mai ƙunshi ta ce, "Amarya, motsa yatsa ɗaya ki tafi gidan miji da hannu kamar an yi ɓarin manja. Ba ruwana."

Haka ta riƙa kiran haruffa ina dannawa da ɗan ali, don a tura kwafin wani ma'ajin mai fili. "Sauri, Umma!" Ban yi saurin ba. Malamarmu ta ce kada a rufe littafi sai an maimaita abin da aka rubuta, don haka na karanta mata layin a hankali.

"Tsaya! Ashe sunan tsohon ma'ajin na faɗa miki."

Muka gyara. Kafin kiran azahar kwafi ya wuce, kundi ya sassauta, Malam ya bugo ya ce an fara kiran mata ɗaya bayan ɗaya, ba katin da ya ɓace. Lallen amarya kuma ya kama jawur.

Bayan biki asibitin ya aiko mata takardar yabo, saboda saurin aikinta. A gidana aka ajiye. Na karanta sau biyu, a tsanake, sannan na sa ta cikin ɗaya daga kwanukan nan.