Bashin Magarya

A shekarar da bama-bamai suka tashi a barikin Ikeja aka kawo Habibu gidanmu na Agege. Ɗan kawuna ne daga Sakkwato, ciwon ciki ya ramar da shi, ga maruru a ƙafafu. Kafin zuwansa ni kaɗai Kaka take kira "maigidana", irin wasan kaka da jika. Yana zuwa ya zama ango, ni na koma tsohon miji.

Magarya ba ta samuwa a unguwarmu. Ni nake rubuta wa Kaka saƙo da ajami, direban albasa na kasuwar Mile 12 ya taho mata da ita daga Arewa. Ta daka ganyen ta ɗaura wa Habibu a maruru, ta dafa saiwar ya sha. Garin 'ya'yan kuma ta cura ta turara, ya zama akkuri mai zaƙi. Bayan isha, in mun kewaye murhun gawayi, sai ta ɓantaro ta sa masa a baki. Ni ƙamshi kawai nake samu.

"Kaka, ni fa?"

"Tsohon miji, kai da ka share kwanon eba? Matsa, tatsuniya na tafe."

Wai wasu 'yan'uwa biyu ne yunwa ta kama a daji, ɗaya ba ya iya tsayuwa. Magarya ta sunkuyo da reshenta har bakin mara lafiyar. Mai lafiyar ya fusata, ya haye ta da ƙarfi, ƙaya ta yayyage shi. Sai ta zubo masa ganye ta ce, "Ɗaura. Yanzu kai ma ka zama abin sunkuyawa."

Na gane da ni Kaka take, na juya mata baya. Habibu ya raɗa mini, "Yaya, in na warke zan biya ka."

"Riƙe abinka," na ce. Amma ban manta ba.

Kaka ta rasu, Allah Ya jiƙanta, da ruwan ganyen magarya aka yi mata wanka. Habibu ya zama ƙato, yana sauke buhuna a Mile 12.

Bara okada ta kayar da ni a Oshodi, na kwanta da karaya, abinci ya fita raina. Ina jiyo 'ya'yana suna guje-guje a tsakar gida sai ga Habibu da ƙullin leda. Ya zauna bakin katifa, ya ɓantaro akkuri da hannunsa ya kai mini baki.

"Ango, ga bashinka."

Na tauna a hankali. Zaƙin yana nan yadda na zata. Sai dai ina kallon ƙofa, ina jin da za a karɓe shi a ba ni ƙafata, da na miƙa.

"Haka kake ji a lokacin?"

"Kullum, Yaya. Kana tsalle a waje, ni ina tauna."

Ashe duk daren da nake kishin akkurinsa, shi ƙafafuna yake kallo.