Dokar Biyu Bisa Uku da Na Kawo da Bakina

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina sayar da gero da busasshen kifi a kasuwar Dembé. Sai da na yi jika na shiga makarantar manya, kuma duk abin da aka koya mana da yamma sai na kai shi kasuwa da safe. Makon da aka koya mana biyu bisa uku, ƙungiyar layinmu ta kira taro. Shugabannin sun saba ƙara mana kuɗin layi yadda suka ga dama, sai na miƙe na ce daga yau babu ƙari sai biyu bisa uku na 'yan layi sun yarda. Aka tafa, aka rubuta. Ranar ko gaisuwa da ƙyar nake amsawa.

Bayan shekara biyu lambatun bayan rumfunanmu ya toshe, ga damina ta matso. Mu na gangare muka nemi a ƙara dala biyar, wato sefa ashirin da biyar, a mako a yashe shi. Muka ɗaga hannu, mun haura rabi sosai. Masu shagunan siminti na kan tudu, waɗanda ruwa bai taɓa leƙa musu ƙofa ba, suka naɗe hannuwansu. Hannu biyu kacal muka rasa.

Na ce wa babbansu, "Alhaji, dala biyar fa. Shayinka na safe ya fi haka."

Ya ce, "Hajja, ai dokarki ce. Mu da ba mu shiga aji ba, me muka sani?"

Na ce, "Kun san inda ruwa yake bi dai."

Ya bi kuwa. Gerona ya tsiro a cikin buhu, kifin na zubar. Maƙwabciyata, da mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, ba ta sake buɗe rumfarta ba. Alhajin ya zo jaje da sabuwar jallabiya, yana ɗage ta kada ta taɓa caɓi, wai Allah Ya mayar da alheri. Na ce, "Amin. Hannunka ma da ka naɗe, Ya gani."

Har yau raina yana ɓaci, kuma rabin fushin da kaina nake. Na yi dokar ne don na ɗaure hannun shugabanni, ban lura na miƙa wa 'yan tsiraru makullin ba. Yanzu in na ji ana gardama a rediyo kan hannu nawa ya kamata majalisa ta tara kafin ta ƙara haraji, ba na tsayawa lissafi. Tambayata ɗaya ce, su wa ke zaune a kan tudu?